Inzayim a abincin buroila: yana ƙara girma da gaske ko kuɗi kawai muke zubarwa?

Sabon_Makiyayi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah tambaya ce da ni ga waɗanda suka daɗe a harkar nan. Wannan ne zubi na uku da nake yi na buroila, guda 200 na zuba, sai wani ya ba ni shawara in riƙa sa musu inzayim a abinci wai kaza za ta fi narkar da abin da ta ci ta yi nauyi da wuri. Na raba su gida biyu, ɗari na sa musu ɗari ban sa ba, dukkansu abincin buhu na kamfani suke ci, sitata (na 'yan tsaki) sannan finisha (na ƙarshen kiwo). Yau kwana 35, na kama goma nan goma can na ɗora a sikeli, wallahi bambancin bai taka kara ya karya ba, har ma wadda ta fi kowacce nauyi a cikin waɗanda ban sa wa ba take. Shi ne nace bari in tambaya, abin nan yana aiki kuwa ko talla ce kawai ta masu sayarwa?

Baba_Mai_Kaji:
Wa alaikumus salam. Ɗana ka yi haƙuri amma kuɗinka ka zubar. Shekara 14 ina kiwon buroila ban taɓa sayen wannan garin ba kuma kajina suna fita lafiya lau. Kaza abinci mai kyau take so da ruwa mai sanyi da iska, shi ke nan. Kullum sai an fito da sabon abu a leda mai ƙyalli.

Gwanin_Haɗi:
Kafin a yanke hukunci Baba, bari mu ji wane inzayim ne ya sa. Cewa na sa inzayim kamar mutum ne ya ce na sha magani, to maganin me? Kowanne da aikinsa. Malam Sabon_Makiyayi duba bayan ledar ka karanto mana abin da aka rubuta, sannan nawa kake zubawa a buhu kuma yaya kake cakuɗawa.

Sabon_Makiyayi:
Haɗe-haɗe ne, na ga an rubuta fayites da zailanes da wasu guda biyu da ban iya karantawa ba. Cokali biyu nake zubawa a kan buhu mai kilo 25 in juya da hannu a cikin baho.

Gwanin_Haɗi:
Tab. To ai ga amsarka nan tun ba a je ko'ina ba.

Dakta_Tsaki:
Bari in ɗan tsawaita, wanda ya gaji da karatu ya wuce. Inzayim ba abinci ba ne, ba bitamin ba ne, shi kansa ba ya ƙara wa kaza ko giram ɗaya. Aikinsa kamar mabuɗi ne, akwai abin amfani a cikin hatsin da kaza ta ci amma a kulle yake, cikinta ba shi da mabuɗin, sai ya wuce ta kashi. Kuma kowane mabuɗi ƙofa ɗaya yake buɗewa.

Misali fayites. Fosforas ɗin da ke cikin masara da waken suya da dusa, kusan kashi biyu cikin uku nasa a ɗaure yake cikin wani sinadari da ake kira fayitet. Kaza ba ta iya kwance shi sai ɗan kaɗan. Shi fayitet ɗin bai tsaya nan ba, yana kama kalsiyam da zinki da sinadarin ƙarfe har da wani sashe na furotin ya hana jiki amfana da su. Idan aka sa fayites sai ya yayyanka shi, fosforas ya fito, sauran da ya riƙe su ma su samu sauƙi. Shi ya sa mai haɗa abinci zai iya rage DCP (garin kalsiyam da fosforas da ake ƙarawa a abinci) ko garin ƙashi.

Zailanes kuma na wata ƙofar ce daban. Alkama da dusarta suna da wani irin zare mai narkewa a ruwa da ke sa abin da ke cikin hanji ya yi yauƙi da kauri, abinci ya ƙi cuɗanya da ruwan narkarwa, kaza ta yi ta shan ruwa, kashi ya riƙa manne mata a baya. Sha'ir shi ma haka, sai dai nasa zaren daban ne, bita-gulukanes ke yanka shi. Masara ba ta da wannan yauƙin sosai, don haka a abincin masara da suya ribar zailanes ƙarama ce.

Yanzu mu dawo kanka ƙanena. Abincin buhu kake ba su. Yawancin kamfanonin da ke haɗa abincin buroila yanzu sun riga sun sa fayites a ciki, da yawa har da zailanes, domin yana rage musu kuɗin haɗi. Kaga ka zo da mabuɗi ga ƙofar da an riga an buɗe.

Baba_Mai_Kaji:
Kun ji ko? Ai na faɗa.

Dakta_Tsaki:
A'a Baba, ba abin da kuka faɗa ba kenan, da girmanku. In abincin buhu kuke saye to kajinku sun daɗe suna cin inzayim ba ku sani ba. Ku duba takardar da ke ɗinke a bakin buhun, sau da yawa yana cikin jerin kayan haɗin.

Baba_Mai_Kaji:
Zan duba. In na gani zan dawo in faɗa, ba na jin kunyar gaskiya.

Ummu_Yan_Biyu:
Ni dai abin da na gani da idona zan faɗa. Ina haɗa abincina da kaina, akwai lokacin da masara ta yi wuya sai na ƙara dusar alkama da yawa a finisha, wallahi cikin kwana huɗu shimfiɗar ɗakin ta jiƙe sharkaf, ka taka diddigar katakon ka ji tana manne maka a takalmi, warin nan mai shiga ido ya cika ɗakin, ka ɗaga kaza ka ga bayanta duk kashi ya daskare. Na ɗauka ciwo ne har na sayi maganin zawo na ba su bai yi komai ba. Wata ƙawata ta ce in gwada zailanes, na sa, bai kai sati ba kashin ya fara ɗaurewa, shimfiɗa ta bushe. Nauyi kam ban auna ba balle in yi ƙarya, amma bushewar ɗakin kaɗai ta ishe ni, don a zubin baya ƙafafunsu har gyambo suka yi a tafi saboda danshi.

Auta_007:
Hajiya ba dai koksi ba ne kuwa, ciwon hanjin nan mai sa kashin jini? Don shi ma yana jiƙa ɗaki

Ummu_Yan_Biyu:
Ba jini a kashin, ba sa takurewa, cin abincinsu lafiya ƙalau. Na san koksi Auta, ya taɓa kwashe min kaji.

Mai_Sikeli:
Ni matsalata da gwajin ne ba da inzayim ɗin ba. Malam ka ce goma-goma ka auna. Cikin goman nan zakaru nawa ne mata nawa? Don a kwana 35 namiji ya riga ya ba mace tazara mai yawa, in hannunka ya kamo maza bakwai a wannan gefe huɗu a wancan to gwaji ya tashi daga aiki. Na biyu, ka auna abincin da kowane ɓangare ya ci? Domin amfanin inzayim sau da yawa ba a nauyi yake fitowa ba, a yawan abincin da aka ci kafin a kai nauyin yake. Shi ne FCR, ka raba kilon abincin da suka ci da kilon da suka ƙara. A ce kaza ta kai kilo 2.3, FCR ya sauko daga 1.75 zuwa 1.70, abin da ka tsira da shi giram 115 ne a kowace kaza. A kaji ɗari kilo 11 da rabi kenan, ko rabin buhu bai cika ba, wanda ɓarnar da suke yi a bakin mazubi ma za ta iya shanye shi baka lura ba. Amma mai kaji dubu ɗari tan 11 da rabi ne a zubi ɗaya. Shi ya sa manyan gonaki ba sa wasa da shi, mu kuma ƙanana muke cewa ba mu ga komai ba.

Sabon_Makiyayi:
Gaskiya ban auna abincin daban-daban ba, ɗiba kawai nake in zuba musu. Maza da mata ma ban kula ba. Kai, ashe aikin banza na yi.

Mai_Sikeli:
Ba banza ba ne, aƙalla ka raba su biyu, wasu ko wannan ba sa yi sai su zo suna rantsuwa.

Gwanin_Haɗi:
Bari in koma kan cokali biyun nan don shi ya tsaya min a rai. Fayites ana auna ƙarfinsa da abin da ake kira FTU. Abin da aka saba shi ne FTU 500 a kowane kilo na abinci. In wanda ka saya mai ƙarfin 5,000 ne a giram, to giram 100 kacal ake sawa a tan guda, wato buhu mai kilo 25 giram biyu da rabi ne rabonsa, kamar rabin ƙaramin cokalin shayi. In mai 10,000 ne rabin haka. Yanzu ka faɗa min yaya za ka juya rabin cokali a kilo 25 da hannu ya isa ko'ina? Wata kazar za ta cinye na kaji goma wata ko ƙwaya ba za ta samu ba. In felet ne abincin ma, wato wanda inji ya dunƙula ƙwaya-ƙwaya, ya fi muni, garin zai zube ya taru a gindin mazubi su cinye felet su bar shi.

Yadda nake yi, sai in ɗebi giram ɗin in cakuɗa da kilo ɗaya na garin masara mai laushi a leda in girgiza sosai, in ɗauki wannan in haɗa da kilo biyar, sannan goma, sannan ya shiga babban haɗi tare da firimis (haɗin bitamin da ma'adanai) da laisin da metiyonin (sinadaran gina furotin). Haɗe-haɗen da ake sayarwa wasu an riga an tsarma su shi ya sa za ka ga an ce giram 250 ko 500 ko kilo ɗaya a tan, don haka kar wani ya ɗauki giram 100 ɗina ya tafi da shi, a bi abin da ke jikin leda.

Shakku:
To in an zuba da yawa yana kashe kaza ne?

Dakta_Tsaki:
Ba ya kashewa. Fayites ma da gangan wasu ke ninka shi sau uku ko fiye, FTU 1,500 zuwa sama, don a ragargaza fayitet ɗin gaba ɗaya tun a ƙundu kafin ya kai hanji, kuma sau da yawa ana ganin ɗan ƙarin girma musamman a 'yan tsaki. Amma ribar ba ta ninkuwa yadda ka ninka garin, tana hawa ne ta zo ta kwanta. In abin da zai yanka ya ƙare sauran asara ce.

Ɗan_Gajere:
ni tsorona ɗaya, duk waɗannan abubuwan ba su ne hormon ɗin da ake cewa ana ɗura wa kajin gidan gona suna kumbura cikin sati shida ba? mutane suna ƙorafi fa, ni kaina wani lokacin ina tunani

Dakta_Tsaki:
Ko kusa. Inzayim furotin ne, a cikin abincin yake aiki ba a jikin kaza ba, in ya gama shi ma narkewa yake kamar sauran furotin. Ba ya zama a nama, shi ya sa ba a cewa a dakatar da shi kwana kaza kafin yanka kamar antibayotik. A cikin yawunka ma akwai inzayim, amiles, shi ne ke sa in ka daɗe kana tauna abu mai sitaci ka ji ya fara zaƙi. Girman buroila kuma daga iri ne. A Jami'ar Alberta ta Kanada an taɓa kiwon irin buroila na 1957 da na 1978 da na 2005 a wuri ɗaya da abinci iri ɗaya, a kwana 56 na 1957 bai cika kilo ɗaya ba, na 2005 ya haura kilo huɗu. Ba allura ba komai, zaɓen iri ne na shekara da shekaru.

Ɗan_Gajere:
ikon Allah. to na gane

Kawu_Ƙundu:
Ku bari in ba ku nawa labarin don kar wani ya faɗa ramin da na faɗa. Na ji irin bayanin da Dakta ya yi cewa fayites yana fito da fosforas, sai wayo ya kama ni na ce to me zan yi da DCP, na cire shi ƙaf daga sitata, garin ƙashi ma ban sa ba, na ce inzayim zai yi aikin. Sati na biyu zuwa na uku sai na fara ganin 'yan tsaki suna zama a kan gwiwa, ka kora su su yi taku biyu su zube, na kama ɗaya na taɓa bakinsa wallahi lanƙwasuwa yake kamar roba, ƙashin ƙafa ma haka. Kafin in gane in gyara da yawa sun riga sun gurgunce, waɗanda suka rayu ma ba su kama girma ba har aka sayar. Laifina ne ba na inzayim ba, amma tun daga nan nake jin tsoronsa.

Gwanin_Haɗi:
Allah ya mayar da alheri Kawu. Ai ragewa ake yi ba cirewa ba. FTU 500 abin da yake fitarwa bai wuce kwatankwacin kilo 6 zuwa 7 na DCP a tan ba, shi ma ya danganta da irin fayites ɗin, kowane kamfani yana rubuta nasa lissafin. Ni ko abin da suka rubuta ba na ɗauka duka, in suka ce rage bakwai sai in rage biyar, musamman a sitata lokacin da ƙashi ke ginuwa.

Dakta_Tsaki:
Ƙari a kan wannan, kalsiyam in ya yi yawa yana dakushe fayites. Masu zabga laimiston, wato garin dutsen kalsiyam, don ya cika nauyin buhu su sani, kalsiyam ɗin yana haɗuwa da fayitet su dunƙule su zama abin da inzayim ba ya iya kamawa, kuma yana rage tsamin ƙundu alhali fayites a wuri mai tsami ya fi aiki. Sai ka ga mutum ya sa komai daidai amma ƙafa tana ba shi matsala.

Kawu_Ƙundu:
To wannan ma na yi shi. Da na cire DCP sai na ƙara laimiston wai in cike gurbi. Kaga duka biyu na haɗa.

Auta_007:
Kawu kai kam ka yi digiri a wannan zubin 😂

Kawu_Ƙundu:
Digiri mai tsada kuwa ɗan nan.

Shakku:
Ni har yanzu ban gamsu ba. In abin yana da amfani haka me ya sa sai kwanan nan muke jin sa? Kakanninmu da suka yi kiwo fa?

Mai_Karatu:
Ba sabon abu ba ne. Tun shekarun 1980 aka fara sa bita-gulukanes a abincin kaji a arewacin Turai, irin su Finlan, domin su sha'ir suke da shi da yawa kuma kaji ba sa jure shi. Fayites kuma ya shiga kasuwa a 1991 da sunan Natuphos, a Holan aka fara, kuma abin mamaki ba don girman kaza aka fara neman sa ba, don kashi ne. Dabbobi sun yi musu yawa a ƙasa ƙarama, fosforas ɗin da ke fita a kashin kaji da aladu yana taruwa a gonaki yana gangarawa ruwa, gwamnati ta sa doka, dole aka nemi hanyar rage shi. Daga baya da Tarayyar Turai ta hana sa antibayotik a abinci don ƙara girma a farkon 2006 sai aka ƙara raja'a a kan inzayim da makamantansa. Kajin zamanin da kuma ba a matsa musu su kai kusan kilo 3 a kwana 42 ba, suna yawo suna tsince-tsince, ba wanda ke lissafa musu FCR.

Shakku:
Da me ake yin sa to?

Mai_Karatu:
Ƙananan halittu ake kiwo a manyan tankuna su fitar da shi a tace. Na farkon daga wata fumfuna ce mai suna Aspergillus niger, na baya-bayan nan da yawa asalinsu daga bakteriya ne, sun fi jure zafi da tsamin ciki.

Ummu_Yan_Biyu:
Tsaya Malam, ba Aspergillus ɗin nan ne ke kawo gubar afilatoksin a masara ba? Mu da muke gudunsa kuma a ce mu saya mu zuba?

Dakta_Tsaki:
Gida ɗaya ne Hajiya amma ba mutum ɗaya ba. Mai afilatoksin shi ne Aspergillus flavus da wani ɗan uwansa. Kuma ba fumfunar ake zuba miki a leda ba, abin da ta fitar ne bayan an tace. Tunda kin tabo maganar ma, fayites ko zailanes ba sa maganin masarar da ta yi fumfuna, wannan aikin wani abu ne daban, mafi alheri ma kar a saye ta.

Ɗan_Inji:
Ni a injin felet nake aiki bari in sa baki. Tururin da muke ba abinci kafin ya shiga dayi, ƙarfen da ke matse shi ya fito felet, yana kai digiri 80 zuwa 85, wani lokacin ya fi, inzayim kuma furotin ne, zafi yana dafa shi kamar yadda farin ƙwai ke daskarewa, in ya dahu ya mutu ba ya dawowa. Shi ya sa akwai mai rufi da aka yi don felet, akwai kuma na ruwa da ake fesawa bayan felet ya huce. Wanda ya sayi na gari na talaka ya kawo a buga masa felet da shi to rabi ko fiye ya tafi a tururi. Masu mash, wato abincin gari, ba ruwansu da wannan. Sai ajiya, na sha ganin mutum ya bar ledar a buɗe a kan taga rana tana dukanta wata da watanni, ta sha danshi ta dunƙule, sannan ya ce ba ya aiki. A ɗaure baki a sa a inuwa, kuma a duba ranar lalacewa kafin a biya kuɗi.

Auta_007:
a ruwan sha fa? ba zai fi sauƙi ba tunda cakuɗawar ce matsala

Ɗan_Inji:
In ba an rubuta na ruwa ne ba kar ka fara. Garin da ake tsarma shi da shi ba ya narkewa, zai kwanta a gindin tanki ya toshe maka nipul ɗin da kaji ke shan ruwa.

Baba_Mai_Kaji:
Na dawo. Na duba takardar buhun, akwai shi a rubuce can ƙasa kusa da bitamin. To na yarda kajina suna ci. Amma maganata ta farko tana nan, wanda ke sayen buhu ba shi da dalilin sayen wani a leda. Kuma ku yaran yanzu kun fi son abin da za a barbaɗa a kan ku tashi da dare ku duba zafin ɗakin 'yan tsaki. Ɗan tsakon da ya sha sanyi a satin farko ko buhun inzayim ka juye masa ba zai kamo 'yan uwansa ba. Ni a kwana bakwai nake gane zubi, in nauyinsu bai ninka na ranar farko sau huɗu ba to na san akwai gyara.

Dakta_Tsaki:
Wannan kam gaskiya ne Baba, ba ni da ja.

Gwanin_Haɗi:
Ni ina da ɗan ja kaɗan. Ba kowane buhu ne aka yi shi tsakani da Allah ba, akwai wanda za ka buɗe ka ga dusa ta fi komai yawa, irin wannan in ka ɗora masa zailanes za ka iya ganin canji ko da an rubuta akwai a ciki, don ba ka san nawa suka sa ba ko ya tsira daga tururi. Amma na yarda gara ka canza abincin da ka yi ta yi masa faci.

Mai_Rahusa:
Tambayata ga masu haɗi. Ina so in rage suya in ƙara PKC (tunkuzar ƙwallon kwakwar manja) da dusar shinkafa tunda sun fi sauƙi, wani ya ce min in dai na sa inzayim ko kashi 30 na zuba ba komai. Haka ne?

Dakta_Tsaki:
Wanda ya faɗa maka haka ba shi zai yi asarar ba. PKC zarensa yawanci manan ne, sai mananes ke taɓa shi, zailanes da fayites ba su da aiki a kansa sosai. Ko da mananes ɗin ma wani sashe kawai yake kwancewa, ɓawon nan mai tauri yana nan yadda yake, kuma abinci ba ya daɗewa a cikin buroila, 'yan awoyi ne ya fita, inzayim bai da lokacin da zai mai da dusa ta zama masara. Furotin ɗin PKC kuma bai kai rabin na suya ba, laisin ɗinsa kaɗan ne. Za ka iya sa kaɗan a finisha, a sitata ni ba na so. Dusar shinkafa tana da fayitet da yawa don haka fayites yana da abin yi a nan, in dai dusa ce ta gaskiya ba ƙaiƙayi aka niƙa ba, ƙaiƙayi kam babu inzayim ɗin da zai cece shi.

Mai_Rahusa:
To ɗanyen waken suya fa, in na sa furotes, inzayim mai yanka furotin, zan iya tsallake gasawa?

Gwanin_Haɗi:
Haba Malam, so kake ka bi sahun Kawu? Ɗanyen suya yana da abin da ke toshe inzayim ɗin da kaza ke narkar da furotin da shi, wuta ce ke kashe shi. Ka gasa waken ka, kar dai ya ƙone.

Kawu_Ƙundu:
Ku daina misali da ni mana jama'a 😅

Yar_Gona:
Ni ban taɓa saye ba, ganyen gwanda nake shanyawa a inuwa in daka in ɗan zuba musu, an ce shi ma yana da inzayim. Ban sani ba ko yana yi amma ban ga illa ba.

Mai_Karatu:
Akwai shi kam Yaya, fafen sunansa, furotin yake yankawa, ya fi yawa a farin ruwan ɗanyar gwanda. Sai dai ba ya taɓa fayitet ko zaren alkama, kuma ba ki san ƙarfin abin da kika zuba ba, yau da yawa gobe kaɗan. Wani abin da mutane ba su sani ba, ita kanta dusar alkama tana da nata fayites na halitta in ba a dafa ta da tururi ba, masara ce ba ta da shi sai ɗan mitsitsi.

Shakku:
To kun ga ni inda nake tsayawa kenan, kowa da nasa. Hajiya ta ce ya yi mata, Sabon_Makiyayi bai ga komai ba, Kawu ya yi asara. Ni sai na ga wanda ya auna da sikeli daga farko har ƙarshe zan yarda.

Mai_Sikeli:
Ai ba abu ɗaya suka gwada ba Shakku, Hajiya dusar alkama ce da zailanes, shi kuma buhun kamfani, Kawu kuma DCP ya cire. Amma aunawar da kake nema ba ta gagara ba. A raba tun ranar farko ba tare da zaɓe ba, in da hali gida huɗu ba biyu ba don kar a ce wannan gefen ya fi samun iska, kowane gida da buhunsa, a rubuta abin da aka zuba da abin da ya rage da wadda ta mutu, ranar aunawa a ɗora dukkansu a sikeli ba goma ba.

Sabon_Makiyayi:
Na gode ƙwarai Baba da Dakta da kowa da kowa, Allah ya saka. Na je na duba nawa buhun ni ma akwai shi a ciki. Sauran ledar da ta rage min kusan rabi ce, zan ɗaure ta in ajiye. Zubi mai zuwa ina so in fara haɗa finisha da kaina, a nan zan sake gwadawa yadda Mai_Sikeli ya tsara. Malam Gwanin_Haɗi don Allah in zan haɗa kilo 100 ne kawai, da wane irin sikeli kake auna giram goma? Nawa daga giram 50 yake fara motsi.

Gwanin_Haɗi:
Ƙaramin na dijital za ka nema mai nuna ɗigo ɗaya bayan giram, irin na masu auna zinare. Kuma ka fara turo min hoton bayan ledar nan in ga ƙarfinsa da ranar da aka buga, don in ta kusa wucewa ba da ita za ka yi gwajin ba.